Rokokin SpaceX da Sauƙin Kuɗin Harba Tauraron Ɗan Adam: Tambayoyi da Amsoshi

Shekaru ashirin da suka wuce, duk ƙasar da ke son kai tauraron ɗan adam sararin samaniya sai ta je ta yi layi a ƙofar wata babbar gwamnati, kamar Amurka, Rasha, Sin, ko ƙungiyar ƙasashen Turai. Yau kamfani guda mai zaman kansa yana harba roka fiye da duk waɗannan in an haɗa su. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yadda hakan ta faru, da abin da ya rage.

Wane kamfani ne SpaceX, kuma wa ya kafa shi?

Kamfani ne na Amurka da Elon Musk ya kafa a 2002. An haifi Musk a Pretoria ta Afirka ta Kudu a 1971, ya yi kuɗi a harkar intanet, musamman bayan da aka sayar da PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, sannan ya zuba kusan dala miliyan 100 na aljihunsa a sabon kamfanin. Da farko ma ba ƙera roka ya yi niyya ba. Rasha ya je neman tsofaffin makamai masu linzami da za a gyara su ɗauki kaya zuwa sama, ciniki bai faɗa ba, ya dawo da shawarar ƙera tasa.

Sunan Musk ne ya fi fita, amma akwai mutum biyu da bai kamata a tsallake ba. Tom Mueller shi ne injiniyan da ya jagoranci ƙera injin Merlin, wanda har yau shi ke ɗaga rokar Falcon 9. Gwynne Shotwell kuwa ita ce ta riƙa nemo kwangiloli tun kamfanin bai harba komai ba, kuma ita ke riƙe da ragamar aikin yau da kullum.

Me ya sa harba roka ke da tsada haka tun asali?

Mutane da yawa suna zaton tsayin ne matsalar. Tsayin ba wani abu ba ne, kilomita 400 zuwa 500 kawai. Gudun ne aiki. Kafin abu ya zauna yana kewaya duniya bai faɗo ba, sai ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa guda, yana tafiya a kaikaice. Samun wannan gudu yana cin mai mai yawan gaske, shi kuma man yana da nauyin da sai an ƙara wani man kafin a ɗaga shi. Shi ya sa Falcon 9, mai tsawon mita 70 da nauyin kusan tan 549 idan an cika ta, fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyinta mai ne da ruwan iskar oksijin.

Abin mamakin shi ne man ba shi ne mai tsadar ba. Kananzir ne da aka tace sosai, da oksijin da aka sanyaya har ya zama ruwa, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai dala miliyan ɗaya ba a rokar da ake sayar da tafiyarta a kan sama da dala miliyan sittin. Tsadar tana jikin rokar: injuna, tankuna, na'urori, da albashin dubban ƙwararrun da suka haɗa su. Kuma a tsarin da aka gada, duk wannan dukiya minti goma take yi tana aiki, sai ta faɗa teku ko ta ƙone a iska. Kowace tafiya sabuwar roka.

Akwai kuma yadda gwamnatin Amurka ta saba bayar da kwangila: a biya kamfani duk abin da ya kashe, a ɗora masa riba a kai. Wanda ake yi wa haka ba shi da dalilin yin tattali.

Shin tun farko suka yi nasara?

Ina! Rokarsu ta farko, Falcon 1, ƙarama ce mai inji ɗaya, kuma daga wani ɗan tsibiri mai suna Omelek a tsibiran Marshall, can tsakiyar tekun Pasifik, aka riƙa harba ta. A Maris 2006 ta tashi, mai ya tsiyaya, wuta ta kama, ta faɗo cikin ƙasa da minti guda. Da aka bincika, wani ɗan noti ne na alminiyam da iskar teku mai gishiri ta cinye. A Maris 2007 ta kai sama sosai, amma man gaɓa ta biyu, wato sashen sama na rokar, ya riƙa tangaɗi a cikin tanki har rokar ta rasa saiti. A Agusta 2008 kuma abin ya fi ciwo: gaɓar farko ta rabu lafiya, sai ɗan ragowar ƙarfin da ke cikin injinta ya tura ta gaba ta bugi ta biyu. Gyaran bai wuce ƙara 'yan daƙiƙu tsakanin kashe inji da rabuwa ba, amma taurarin da ke ciki sun riga sun salwanta.

Lokacin kuɗi ya kusa ƙarewa. Da kayan da suka rage aka haɗa ta huɗu, kuma ranar 28 ga Satumba 2008 ta shiga falaki (wato ta fara kewaya duniya), roka ta farko mai amfani da ruwan mai da kamfani mai zaman kansa ya ƙera da kuɗinsa ta kai wannan matsayi. A Disambar shekarar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ba su kwangilar dala biliyan 1.6 ta kai kaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa har sau 12. Da ta huɗun ta faɗi, da wuya a ce yau akwai kamfanin.

To ta yaya suka rage kuɗin?

Ba dabara ɗaya ba ce, kuma tun kafin su fara dawo da roka farashinsu ya riga ya yi ƙasa da na abokan hamayya.

Sun ƙi sayen yawancin kaya daga 'yan kwangila. Injuna, tankuna, na'urorin sarrafa tafiya, duk a masana'antarsu ta Hawthorne da ke Kalifoniya ake yi, don haka ribar da kowane ɗan tsakiya zai ɗora ta zauna a gida. Sun kuma tsaya a kan inji iri ɗaya: Merlin tara a gaɓar farko, guda ɗaya mai faffaɗan baki a gaɓa ta biyu. Mai ƙera inji goma iri ɗaya a kowace roka hannunsa zai faɗa da wuri, kuskure ya ragu, kuɗi ya sauka. Hatta faɗin rokar, mita 3.7, an zaɓe shi ne don tirela ta iya jan ta a kan titi daga Kalifoniya zuwa wurin gwaji a McGregor ta jihar Texas, daga can zuwa Florida. A wurare da dama sun yi amfani da kayan kwamfuta na kasuwa maimakon na musamman masu ɗan karen tsada, sai su saka uku-uku, idan ɗaya ta rikice biyu su rinjaye ta.

NASA da kanta ta yi lissafi a 2011. Ta ce da ita ce ta ƙera irin Falcon 9 ta hanyar da ta saba, da ta kashe tsakanin dala biliyan 1.7 zuwa biliyan 4. Kamfanin ya kashe kusan dala miliyan 390 a kan Falcon 1 da Falcon 9 ta farko gaba ɗaya.

Yaya roka ke dawowa ta sauka a tsaye?

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar ido, kuma ya cancanci a bi shi daki-daki.

Kusan minti biyu da rabi da tashi, injuna tara na gaɓar farko suna mutuwa, ta rabu da ta biyu, wadda ke ci gaba da kai kayan falaki. Gaɓar farkon, dogon bututu mai tsawon fiye da mita 40, tana can sama inda iska ta yi ƙaranci, tana gudun dubban kilomitoci a awa. Sai wasu ƙananan bututu su fesa iskar naitirojin su juya ta, injuna su koma gaba. Idan tudu za ta koma, sai ta kunna wasu injunan ta juya akala zuwa inda ta fito. Idan kayan sun yi nauyi kuma man bai isa ba, sai ta ci gaba ta nufi wani faffaɗan jirgin ruwa maras matuƙi da ke jiran ta a teku, ɗaruruwan kilomitoci daga bakin teku.

Dab da shiga iska mai kauri sai ta sake kunna injuna don rage gudu, in ba haka ba zafi ya cinye ta. Daga nan wasu fikafikai huɗu masu ramuka kamar raga, na ƙarfen taitaniyam, su ke tuƙa ta, suna karkata dama da hagu. A daƙiƙun ƙarshe inji ɗaya ke kunnuwa. Ga inda wahalar take: tankunan sun kusa zama wayam, rokar ta yi sakayau, ko an rage wutar injin zuwa ƙarshe ƙarfinsa ya fi nauyinta. Ba ta iya tsayawa cak a iska ta gyara zama. Dole gudunta ya ƙare daidai lokacin da ƙafafunta huɗu suka taɓa ƙasa. In ta yi latti ta fashe, in ta yi sauri ta fara komawa sama. Kwamfutar cikinta ke wannan lissafi, babu hannun mutum. Wanda ke kusa da wurin sauka a Florida yakan ga rokar tana saukowa shiru, sai daga baya ƙara mai kama da aradu ta iso kunnensa, saboda ta riga sauti gudu.

Sun fasa da yawa kafin su iya. Ranar 21 ga Disamba 2015 ta farko ta sauka lafiya a Cape Canaveral bayan ta tura taurari 11 na kamfanin Orbcomm. A Afrilu 2016 aka samu sauka a kan jirgin ruwa, a Maris 2017 kuma aka sake harba wadda ta taɓa tashi, ɗauke da tauraron SES-10. Murfin da ke rufe kayan ma, wanda kuɗinsa ya kai kusan dala miliyan 6, yanzu da laima yake saukowa a tsamo shi daga teku a wanke a sake amfani da shi. Gaɓa ta biyu ce kaɗai har yanzu ake asarar ta a kowace tafiya.

Dawowar ba kyauta ba ce. Man da aka ajiye don sauka ba zai ɗaga kaya ba, shi ya sa rokar da za ta iya kai tan 22.8 idan za a yar da ita takan tsaya a wajen tan 17 idan ana son ta dawo.

Araha ba ta ado. Rokar da aka taɓa amfani da ita ba ta fi haɗari ba?

Haka kowa ya zata, har masu inshora. Amma abin da aka gani ya saɓa wa zaton. Akwai gaɓar farko da ta yi tafiya ta 30 a 2025, kuma tun Afrilu 2021 NASA ke yarda a ɗauki 'yan sama jannatinta a kan rokar da ta taɓa tashi. Dalilin a fili yake: injin da ya dawo ana iya kwance shi a ga inda ya ci, inda ya tsage, inda zafi ya taɓa. Wanda ya nutse a teku ya tafi da labarinsa.

Ba a ce ba a yi asara ba. A Yuni 2015 wata Falcon 9 ɗauke da kayan tashar sararin samaniya ta tarwatse a sama saboda wani ƙarfen tallafi da ya karye a cikin tanki. Ranar 1 ga Satumba 2016 wata ta fashe a kan dandamali ana cikin zuba mata mai, ta ƙone tauraron AMOS-6 na wani kamfanin Isra'ila. Wannan asara ta shafe mu kai tsaye, domin Facebook ya yi hayar wani sashe na tauraron don kai intanet ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kuma a makon ne Mark Zuckerberg ke ziyara a Najeriya da Kenya. Bayan nan sun yi tafiya fiye da 300 a jere ba rokar da ta gaza, sai a Yuli 2024 da gaɓa ta biyu ta yi yoyon oksijin ta kasa kai taurarin Starlink, tsarin intanet na kamfanin, inda ya kamata. Abin lura, duk waɗannan ukun ba gaɓar da aka sake amfani da ita ce ta jawo su ba.

Nawa ne kuɗin a yanzu?

Shekaru da dama farashin da kamfanin ya wallafa na tafiyar Falcon 9 ɗaya dala miliyan 62 ne. A 2022 ya koma miliyan 67, a 2024 ya matsa kusa da miliyan 70. Wani bincike da aka yi a NASA a 2018 ya ƙiyasta cewa kai kilo ɗaya falaki a kumbon Space Shuttle ya ci kusan dala 54,500, a Falcon 9 kuwa kusan dala 2,720.

Masu ƙananan taurari sun fi kowa jin sauƙin. A da, sai dai ka ɗauki shatar roka sukutum ko ka roƙi mai babban tauraro ya rage maka hanya. A Janairu 2021 kamfanin ya fara jerin tafiye-tafiyen Transporter, waɗanda suke kamar motar lodi a tasha: kowa ya kawo kayansa ya biya kuɗin kujerarsa, ranar tashi kuma tsayayya ce. Ta farko ta ɗauki taurari 143 a tashi ɗaya, kuma farashin ya fara ne daga dala miliyan ɗaya a kan kilo 200.

Idan rokar tana dawowa, me ya hana farashin faɗuwa warwas?

Wannan ce tambayar da na fi so a riƙa yi. Abin da kamfanin ke kashewa ya ragu ƙwarai, amma abin da yake karɓa a hannun abokin ciniki bai ragu haka ba, hasali ma ɗan hawa yake yi. Babu wanda ke matsa masa lamba. Ɗan kasuwar da ya riga ya fi kowa araha ba zai ƙara ragi don jin daɗi ba.

Ribar tana tafiya ne wurare biyu: ƙera sabuwar roka Starship, da Starlink. Tun Mayu 2019 da aka harba taurarin Starlink 60 na farko, kamfanin ya zama babban abokin cinikin kansa. A 2024 rokokin Falcon sun tashi sau 134, kusan kashi biyu cikin uku na Starlink ne. Yawan tashin shi ma wani sirrin arahar ne, domin albashi da kuɗin kula da dandamali suna nan ko an tashi sau 10 ko sau 100.

A ganina wannan mamaya abin damuwa ce ko da kamfanin na aiki mai kyau. Lokacin da Rasha ta ƙi harba taurarin OneWeb a 2022, SpaceX da Indiya suka koma wa, alhali OneWeb kishiyar Starlink ce. Turai, da rokarta Ariane 6 ta makara, a kan Falcon 9 ta harba na'urar hangen nesa ta Euclid a 2023. Hanyar zuwa sama ba abin da ya dace ya rataya a wuyan kamfani ɗaya da ra'ayin mutum ɗaya ba ne.

Ke nan gwamnati ba ta da hannu a nasarar?

Tana da shi dumu-dumu. Tun 2006 NASA ta fara ba su kuɗin gwaji, ita ce ta cece su a 2008, ita ta saye tafiyar kumbon Dragon da ya isa tashar sararin samaniya a Mayu 2012, ita kuma ta ba da kwangilar da ta kai 'yan sama jannati Bob Behnken da Doug Hurley can a Mayu 2020. Dandamalin da suke tashi a Florida ma na gwamnati ne suke haya. Abin da ya canja shi ne salon ciniki: NASA ta faɗi abin da take so da abin da za ta biya, ta bar kamfani ya san yadda zai yi, in ya wuce kasafi ya cika daga aljihunsa.

Su kaɗai ne a fagen?

A'a. Rocket Lab, wanda Peter Beck na New Zealand ya kafa, yana da ƙaramar roka Electron mai tsawon mita 18 da ke ɗaukar kusan kilo 300. Batir ke juya famfunan injinta, kuma ta fara kai kaya falaki a Janairu 2018 daga Mahia ta New Zealand. Kowane kilo ya fi tsada a wurinsu, amma mai tauraro shi ke zaɓen rana da inda za a ajiye shi. Blue Origin na Jeff Bezos ya kai babbar rokarsa New Glenn falaki a Janairu 2025. A Sin kamfanin LandSpace ne ya fara kai roka mai amfani da iskar methane falaki a Yuli 2023. Wasu kuma sun durƙushe, kamar Virgin Orbit a 2023.

Ina aka kwana kan Starship?

Ita ce babbar cacar kamfanin. Tsawonta ya kai kusan mita 120, jikinta baƙin ƙarfe ne maras tsatsa, gaɓar farko na da injunan Raptor 33 masu ƙona methane, kuma burin shi ne gaɓoɓin biyu duka su dawo. Daga Boca Chica a kudancin Texas ake gwada ta. Tashin farko a Afrilu 2023 ya farfasa dandamali ya ƙare da fashewa. Ranar 13 ga Oktoba 2024 gaɓar farko ta dawo, wasu manyan hannuwan ƙarfe biyu da ke jikin hasumiya suka cafe ta a iska. A farkon 2025 kuma gaɓa ta sama ta tarwatse sau biyu a jere, tarkace ya zubo ta sararin Karebiyan har aka karkatar da jiragen fasinja. NASA ta ba su kwangilar dala biliyan 2.9 a 2021 don wani nau'inta ya sauke mutane a duniyar wata. Farashin da Musk ke ambata mata buri ne tukuna, kuma jadawalinsa ya saba zamewa da shekaru.

Wace illa yawan harbawar ke da ita?

Masu nazarin taurari suna kuka da layukan haske da taurarin Starlink ke bari a hotunansu. Falakin da ke kusa da duniya yana cika, kuma karo ɗaya kan haifar da dubban ɓaraguzai masu gudun da ya fi na harsashi. Ana kuma binciken abin da ƙurar alminiyam ta taurarin da ke ƙonewa idan sun tsufa za ta yi wa iskar sama. Dokokin duniya a kan wannan fage tsofaffi ne, an rubuta su lokacin da taurarin ba su da yawa.

Mu a nan me ya shafe mu?

Abin da aka fi gani shi ne Starlink. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a Janairu 2023, Ghana ta biyo a 2024, Nijar a 2025. Taurarinsa suna kusan kilomita 500 ne daga ƙasa, ba kilomita 35,786 na tsofaffin taurarin sadarwa ba, shi ya sa saƙo ke zuwa da sauri. Ga asibiti ko makarantar da ke nesa da turakun waya abin taimako ne, kodayake kuɗin faranti da na wata-wata ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Ɗaya ɓangaren shi ne taurarinmu. NigeriaSat-1 an ƙera shi a Ingila, Rasha ta harba shi a 2003. NigComSat-1 Sin ce ta ƙera ta harba a 2007, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa a 2011. A Yuni 2017 kuwa Falcon 9 ce ta ɗauki wasu 'yan ƙananan taurari zuwa tashar sararin samaniya, ciki har da NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, suka yi tare da wata cibiya a Japan, da GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations da ke Koforidua. Kowannensu bai wuce kilo ɗaya da ɗan kai ba.

Kuɗin kujera a roka ya daina zama babban shinge. Jami'a ko hukuma mai kasafi matsakaici za ta iya biya. Abin da ya rage shi ne masu ƙera tauraron, da tashar karɓar bayanansa a ƙasa, da ma'aikatan da za su mayar da hotunan su zama gargaɗin ambaliya a kogin Neja da Binuwai, ko ƙiyasin amfanin gona, ko auna yadda tafkin Chadi da hamada ke motsi. Nan ya kamata kuɗin gwamnatocinmu ya fi zuwa.

Najeriya na kusa da tsakiyar duniya. Ba za a iya harba roka daga nan ba?

Kusancin yana da amfani na gaske. A layin da ya raba duniya biyu, juyawar ƙasa kaɗai tana ba roka gudun kusan mita 465 a daƙiƙa idan ta nufi gabas, shi ya sa Turai ke harba nata daga Kourou a Kudancin Amurka, kuma Italiya ta taɓa harbawa daga wani dandamali a teku kusa da Malindi ta Kenya. Amma ana son gabashin wurin ya zama buɗaɗɗen teku, saboda gaɓar da ta rabu ko rokar da ta lalace ta faɗa inda babu mutane. Tekun Najeriya yana kudu ne, gabas kuwa Kamaru ce da garuruwanta. Ta wannan fuska gaɓar tekun Kenya da Somaliya ta fi tamu dacewa.